Shin faɗuwar Rum ce ta raba tarihin duniya gida biyu?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin tarihi ne a shekarar farko ta jami'a. An koya mana cewa zamanin dā ya ƙare a shekarar 476 da faɗuwar Rum, tsakiyar zamani kuma ya ƙare a 1453. Sunayen sarakuna da shekarun yaƙe-yaƙe sun yi mini yawa, ina haddacewa ina mantawa. Waɗanne abubuwa ne suka sauya alƙiblar duniya da gaske, waɗanda idan na riƙe su sauran za su zauna mini?

Amsa: Ɗana, Allah ya yi wa karatu albarka. A jarrabawa ka rubuta 476 da 1453 yadda aka koya maka, domin su manhaja ke nema. Amma ka san cewa malaman Turai ne suka yi wannan rabon, kuma tarihin nahiyarsu suke dubawa lokacin da suka yi shi. A 476 wani kwamandan sojan Jamusawa mai suna Odowaka ya tuɓe wani yaro da ke kan gadon sarautar Rum ta yamma. Rum ta gabas, mai hedikwata a Kustantiniyya, wato Istanbul ta yau, ta ci gaba da mulki kusan shekara 1,000 bayan haka. Manomin shinkafa a ƙasar Sin da ɗan kasuwa a Indiya ba su ma ji labari ba. Shi ya sa nake ba ɗalibaina shawarar su riƙa yi wa kowane lamari tambaya guda: bayan ya faru, me ya sauya a yadda mutane ke samun abinci, ko yadda suke adana magana, ko yadda suke kai kaya da ilimi nesa? Abin da ya taɓa ɗaya daga cikin waɗannan shi ne ya juya duniya. Yawancin yaƙe-yaƙe mai karɓar haraji kawai suke sauyawa.

Noma ne tushe. Kimanin shekara 10,000 da suka wuce mutane a yankin Sham da Iraƙi da kudancin Turkiyya suka fara shuka alkama da sha'ir, suna kiwon tumaki da awaki. Ba daga nan kowa ya koya ba. Mutanen Sin sun gano noman shinkafa da kansu, mutanen Meziko masara, a Afirka kuma an fara noman dawa a gabashin Sudan, gero kuwa a yammacin Sahel, inda aka sami alamunsa a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali tun wajen shekara 2500 kafin Miladiyya. Da zarar an sami rarar hatsi sai a gina rumbu, rumbu na buƙatar mai gadi da mai lissafi, kuma wasu su sami damar barin gona su zama maƙera, masaƙa, sojoji ko masu hidimar ɗakin bauta. Birni da sarauta da haraji duk daga rumbu suka fito.

Rubutu ma haka. A birnin Uruk na kudancin Iraƙi, wajen shekara 3200 kafin Miladiyya, magatakarda kan ɗebi danyen yumɓu ya lailaye shi daidai tafin hannu, ya ɗauki tsinken kara ya danna alamomi a kai, ya ajiye ya bushe. Idan ka duba abin da ke cikin waɗannan alluna na farko, yawancinsu lissafi ne: sha'ir mudu kaza, tumaki kaza, rabon abincin ma'aikata kaza. Waƙa da tatsuniya da addu'a sun shiga rubutu ne daga baya. Da rubutu ya kafu sai doka ta biyo. Hamurabi sarkin Babila, wanda ya yi mulki wajen 1792 zuwa 1750 kafin Miladiyya, ya sa an sassaƙa hukunce-hukunce kusan 282 a jikin wani baƙin dutse da tsayinsa ya haura mita 2, wanda yanzu yake gidan tarihi na Luba a Faris, babban birnin Faransa. Dokokin ba su daidaita mutane ba, hukuncin wanda ya raunata babban mutum daban yake da na wanda ya raunata talaka ko bawa. Duk da haka, sanya hukunci a rubuce a bainar jama'a babban mataki ne, domin magana ta daina mutuwa tare da mai ita.

Sai dai rubutun Iraƙi da na Masar alamomi ne ɗaruruwa, sai wanda ya shafe shekaru yana koyo ke iya su. Fatake na gaɓar Labanan, waɗanda ake kira Finikiyawa, su suka yaɗa tsarin baƙaƙe 22 kacal wajen shekara 1000 kafin Miladiyya. Girkawa suka karɓa suka ƙara wasula, daga nasu aka sami na Rumawa, wanda shi ne bokon da nake rubuta maka wannan amsa da shi. Ta wani reshen kuma, ta hannun Aramiyawa da Nabaɗawa, aka sami baƙaƙen Larabci, waɗanda muke rubuta ajami da su. Ke nan allon makarantar allo da littafin firamare kakansu ɗaya.

Ƙarfe ma ka riƙe shi. Kafinsa tagulla ake yin makami da ita, ita kuwa sai an haɗa jan ƙarfe da kuza, kuza kuma daga nesa ake kawo ta, don haka makami mai kyau na hannun fada ne. Wajen 1200 kafin Miladiyya manyan dauloli na gabashin Bahar Rum suka rushe, daular Hitiyawa ta watse, aka ƙone birnin Ugarit, hanyoyin fatauci suka yanke. A ƙarnukan da suka biyo baya ƙarfe ya maye gurbin tagulla. Tama kusan ko'ina akwai ta, saboda haka gatari da fartanya da mashi suka iso hannun talaka. A nan Nijeriya ma an tono matoyar tama a Taruga, ta mutanen al'adar Nok, wadda ta girmi Miladiyya da ƙarnuka.

Manyan dauloli zan taƙaita su, domin littafinka ya cika da su. Abin lura a kansu shi ne dabarar riƙe al'ummu masu harsuna da addinai daban-daban a ƙarƙashin mulki guda. Sairus na Farisa ya ci Babila a 539 kafin Miladiyya ya bar kowace al'umma da addininta, Dariyus ya raba ƙasa larduna ya shimfiɗa hanyar manzanni mai tsawon kilomita kusan 2,500. Sarkin wata masarauta mai suna Cin ya haɗe ƙasar Sin a 221 kafin Miladiyya, ya daidaita rubutu da ma'auni da kuɗi, har da faɗin tsakanin ƙafafun keken doki. Gidan sarautarsa bai kai shekara 20 ba ya faɗi, amma tsarin ya rayu shekaru fiye da 2,000. Iskandar na Masedoniya kuwa ya mutu a Babila a 323 kafin Miladiyya yana da shekara 32, daularsa ta tsage nan take, abin da ya saura shi ne harshen Girkanci da ya zama harshen ilimi daga Masar har Afganistan. Wannan zai yi mana amfani nan gaba.

In ana neman ƙarnin da ya fi cancanta a ce ya rufe zamanin dā, a ganina ƙarni na 7 ne. Rumawa da Farisawa sun gwabza yaƙi daga 602 zuwa 628, yaƙin da farkon Suratur Rum ya yi nuni gare shi, suka fito dukansu a galabaice, ga kuma annobar da ta fara a 541 tana ta komowa tana rage jama'a. A 622 Manzon Allah (SAW) ya yi hijira zuwa Madina. A 636 aka yi yaƙin Yarmuk Rum ta rasa Sham, a daidai wannan tsakanin aka yi Ƙadisiyya daular Farisa ta kama hanyar rushewa, Masar ta shiga hannun Musulmi zuwa 642, sannan a 711 aka tsallaka Andalus, aka kuma shiga Sindi, a Pakistan ta yau, kusan a lokaci guda. Iyakar da ta raba duniyar Bahar Rum da duniyar Farisa tsawon ƙarnuka ta gushe. Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya mayar da littattafan gwamnati zuwa Larabci, ya buga dinare mai rubutu zalla babu hoto wajen 696. Daga nan ɗan kasuwa na iya tashi daga Kurɗuba ta Andalus ya isa Samarƙand ta tsakiyar Asiya da harshe ɗaya, da kuɗi ɗaya, da alƙalai masu hukunci da shari'ar da ya sani.

Yanzu na zo kan abin da na fi so ka riƙe, wato takarda. A ƙasar Sin aka ƙirƙiro ta, kuma tarihinsu ya ce wani ma'aikacin fada mai suna Sai Lun ne ya gabatar wa sarki ingantacciyar hanyar yin ta a shekarar 105. Ta ɗauki ƙarnuka kafin ta yi yamma. Akwai ruwayar da ta shahara cewa fursunonin yaƙin Talas na 751, inda rundunar Abbasiyawa ta kara da ta Sin, su suka koya wa mutanen Samarƙand sana'ar. Masana da dama na ganin takarda ta riga yaƙin isa yankin ta hannun fatake, amma kowa ya yarda cewa daga Samarƙand ta bazu. Halifa Mansur ya kafa Bagadaza a 762, kafin ƙarnin ya ƙare kuma an fara yin takarda a birnin, a zamanin Haruna Rashid.

Ka dubi yadda ake yin ta, za ka gane dalilin da ya sa ta yi tasiri. Tsummokaran lilin da tsofaffin igiyoyi ake tarawa, a jiƙa su, a kirɓa har su zama kamar kunu a cikin ruwa. Sai ma'aikaci ya tsoma wani faifai mai kama da rariya ya ɗago, ruwa ya tsiyaye, zaren ya kwanta fale-fale. A matse, a shanya, a shafa sitaci don kada tawada ta malale, a goge da dutse mai santsi har ta yi sheƙi. Abin da ake zubarwa a juji shi ya zama abin rubutu. Kafin haka fata gyararriya ake amfani da ita, littafi babba guda kan ci fatun dabbobi ɗaruruwa, ko kuma a sayo abin rubutun da Masar ke yi da wani tsiron bakin Nilu. Gwamnati ta so takarda saboda wani dalili na daban: tawada na nutsewa a cikinta, ba a kankare rubutu a sauya shi ba tare da an gane ba, alhali a fata ana iya yi.

Da littafi ya yi arha sai ilimi ya ɓarke. Marubucin tarihi Yaƙubi ya ambaci shagunan masu sayar da littattafai fiye da 100 a wata kasuwar Bagadaza a ƙarni na 9. A wannan ƙarnin ne Hunainu ɗan Ishaƙ, likita Kirista, da almajiransa suka fassara littattafan likitancin Girkawa zuwa Larabci. Khawarizmi ya rubuta littafinsa na aljabara wajen 820, ya kuma bayyana lissafi da lambobin Indiya, har da sifili, wanda masanin Indiya Barahmagufta ya riga ya tsara ƙa'idojinsa tun 628. A cikin wannan zamanin dai Imam Bukhari, wanda ya rasu a 870, da Imam Muslim suka tattara hadisai, Ɗabari ya rubuta tafsiri da tarihi masu juzu'i da yawa. Ban ce takarda ce ta haifi waɗannan bayin Allah ba, himma da baiwa nasu ne. Amma littafi mai juzu'i talatin ba ya yawo daga Bagadaza zuwa Kurɗuba a kwafe shi sau ɗari in da a kan fata ake rubutawa. Daga baya ilimin ya tsallaka Turai ta Andalus. Kiristoci sun karɓi birnin Toledo a 1085 suka tarar da ɗakunan karatu, wani Bature ɗan Italiya, Jerad na Kiremona, ya fassara littattafai fiye da 70 daga Larabci zuwa Latin, ciki har da littafin likitanci na Ibnu Sina. Fibonaci ya koyi lambobin Indiya a Bijaya ta Aljeriya ya gabatar da su ga 'yan kasuwar Italiya a 1202. Injin ɗab'in Gutenbag na wajen 1450 da ake ta yabo, da babu masana'antun takarda da suka riga suka kafu a Turai, da bai sami abin da zai buga a kai da yawa ba. Mutanen Sin kuwa sun buga littafi tun 868, gwamnatinsu ta fitar da kuɗin takarda tun ƙarni na 11.

Mu a nan, abin da ya haɗa mu da wannan duniyar shi ne raƙumi. Ya yawaita a arewacin Afirka a ƙarnukan farko na Miladiyya, kuma shi ya mayar da ƙetare Sahara sana'a ta yau da kullum. Ayari kan tashi daga Sijilmasa ta Maroko, ya ɗauki gishiri a Tagaza, ya kai kudu ya dawo da zinariya, da kuma bayi, wanda ɓangare ne mai ɗaci na wannan fatauci da bai kamata a ɓoye ba. Ibnu Hauƙal, matafiyin ƙarni na 10, ya ba da labarin takardar bashi ta dinare 42,000 tsakanin wani ɗan kasuwar Audagust, a kudancin hamada, da wani na Sijilmasa. Ka ga raƙumi da takarda da shari'a sun haɗu a abu guda: amana ta ƙetare hamada a rubuce. Ta waɗannan hanyoyi Musulunci ya iso. Sarakunan Kanem sun musulunta a ƙarni na 11, a ƙarni na 13 kuma har masauki da makaranta suka kafa wa mutanensu a Alƙahira. Mansa Musa na Mali ya yi aikin hajji a 1324, ya kashe zinariya a Alƙahira har darajarta ta faɗi, kamar yadda marubucin tarihi Umari ya ruwaito. Tarihin Kano ya ce Wangarawa sun zo da Musulunci daga Mali a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385. Duk wanda ya koya maka tsakiyar zamani bai ambaci Mali da Kanem ba, ya ba ka rabin labari, domin zinariyar Afirka ta yamma na cikin abin da ya riƙe kuɗin ƙasashen Bahar Rum.

Hanyar da ke kawo alheri ita ke kawo musiba. Jengis Han ya haɗe ƙabilun Mongol a 1206, jikansa Hulagu ya ci Bagadaza a 1258 ya kashe Halifa Musta'asim, aka yi ɓarnar rayuka da littattafai da har yau ambatonta ke sosa zuciya. Mamalik na Masar suka tare su a Ainu Jalut a 1260, Alƙahira ta gaji matsayin Bagadaza a ilimi, jikokin maharan da yawa kuma suka musulunta daga baya. Mulkin Mongol ya buɗe hanya daga Sin har Baƙar Teku, kuma a kan hanyoyin fatauci irin waɗannan ne babbar annoba ta bi. Ƙuma ce ke ɗauko ƙwayar cutar daga ɓeraye ta sa wa mutum, sai zazzaɓi da kaluluwa a matsematsi ko hammata, cikin 'yan kwanaki mutum ya cika. Ta iso Iskandariyya da Sisili a 1347 ta jiragen ruwa. Zuwa 1351 ta kashe tsakanin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin mutanen Turai, kuma Masar da Sham ba su tsira ba. Ibnu Baɗuɗa yana Dimashƙa a 1348, ya ga mutanen birnin sun yi azumin kwana uku sannan suka fita ƙafa ba takalmi, Musulmi ɗauke da Alƙur'ani, Yahudawa da Attaura, Kiristoci da Linjila, manya da yara suna kuka suna roƙon Allah.

Abin da ya biyo baya darasi ne babba ga mai nazarin tarihi, domin musiba ɗaya ta haifar da sakamako daban-daban. A Ingila ma'aikata suka yi ƙaranci, lada ya tashi, gwamnati ta yi doka a 1349 da 1351 don ta danne shi, talakawa suka yi bore a 1381, sannu a hankali tsarin da ya ɗaure manomi ga gonar ubangidansa ya saki. A Masar kuwa, inda noma ya dogara da gyaran madatsai da magudanun Nilu kowace shekara, rashin hannaye ya sa suka lalace, amfanin gona ya ragu na tsawon lokaci. Wani saurayi a Tunis ya rasa mahaifansa biyu da malamansa da dama a wannan annoba, shi ne Ibnu Khaldun. A 1377 ya rubuta Muƙaddima, inda ya ce aikin mai tarihi ya wuce jero labarai, dole ya auna su da hankali ya binciko dalilai. Ya bayyana yadda mutanen karkara masu haɗin kai ke cin birni, jikokinsu su saba da jin daɗi, haraji ya yi nauyi, haɗin kan ya mutu, wasu sababbi su zo su ture su. Ka nemi wannan littafin ka karanta ko da a fassara ne, zai tsara maka tunani fiye da jadawalin shekaru.

Saura 1453. Sarki Muhammadu na Biyu na Usmaniyya ya ci Kustantiniyya yana da shekara 21, manyan bindigogin igwa suka yi aiki a kan ganuwar da ta tsaya kusan shekara 1,000. Abin da ke sabo a nan shi ne albarushi, wanda shi ma daga Sin ya samo asali. Amma sauyin da ya fi girma a wannan ƙarnin a teku ya faru. Mutanen Fotugal sun kama birnin Sabta na gaɓar arewacin Afirka a 1415, suka riƙa bin gaɓar Afirka suna neman tushen zinariyar da raƙuma ke kaiwa arewa, suka gina sansanin Elmina a Ghana ta yau a 1482. Kolombus ya isa nahiyar Amurka a 1492, shekarar da Garnaɗa, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, ta faɗi, Basko da Gama kuma ya kewaya Afirka ya isa Indiya a 1498. Fataucin Sahara bai mutu ba, Kano da Katsina ma sun ƙara bunƙasa bayan haka, sai dai jirgin ruwa ya zama kishiyar raƙumi, kuma cinikin bayi ta tekun Atilantika ya fara.

In da ni zan ja wa Afirka ta yamma layin ƙarshen tsakiyar zamani, a 1591 zan ja shi. A shekarar ne rundunar Sarkin Maroko Ahmad Mansur, mutum 'yan dubbai ɗauke da bindigogi a ƙarƙashin Judar Basha, ta ƙetare hamada ta karya rundunar Askiya Ishaƙ na Biyu mai yawan gaske a Tondibi kusa da Gawo. Daular Songhai ta wargaje, aka kama malaman Timbuktu, aka tafi da Ahmad Baba zuwa Marrakesh a 1594, kuma shi da kansa ya ce littattafai 1,600 aka kwashe masa. Daga nan nauyin fatauci da karatu ya ƙara karkata gabas, zuwa biranen ƙasar Hausa da Borno.